Ba Bairos Ba Ce: Me Ya Sa Kwamfuta Ke Daskarewa In Jerin Sunaye Ya Yi Tsawo?

Akwai wata fatawa da ta zama ruwan dare a shagunan kwamfuta da ofisoshinmu, daga Kazaure zuwa Babura, daga Roni zuwa Gwiwa. Da zarar an buɗe jerin sunayen ɗalibai, ko na ma'aikata, ko na manoman da za a raba wa taki, kwamfuta ta tsaya cak, linzami ya koma ɗan zoben nan mai juyawa, sai wani daga gefe ya yanke hukunci: "Bairos ce, a kai ta a yi mata fomat." In kuwa mai ita yana da ɗan hali, sai a ce masa injin ne ya tsufa, gara ya shiga mota ya je Kano ya sayo sabo. Na gaji da jin wannan magana. A mafi yawan lokuta ba gaskiya ba ce, kuma tana jawo asarar kuɗi, da asarar bayanan da aka sha rana da ƙura kafin a tara su.

Abin da nake magana a kai ba wani baƙon abu ba ne. Duk wani dogon jeri ne da ake kallo a allon kwamfuta layi bayan layi: rajistar marasa lafiya, sakamakon jarrabawa, lissafin kayan kemis, sunayen 'yan adashi ko na ƙungiyar manoma. Wani a Excel yake, wani kuma a cikin wata manhaja da aka ba wani matashi kwangilar rubutawa.

Mu fara da maganar bairos ɗin. Kwamfutar nan da ake zargi, ita ce jiya da daddare aka kalli fim a kanta daga farko har ƙarshe ba ta yi gardama ba. Fim yana sauya hoto sau 24 ko fiye a kowace daƙiƙa, ga sauti a tare. Ita ce da safe aka buga takardar gayyatar ɗaurin aure da ita, ta fitar ba ɓata lokaci. Sai da aka taɓa fayil guda ɗaya tak ta daskare. To wace irin bairos ce mai ladabi haka, da za ta bar fim, ta bar wasiƙa, ta bar waƙoƙi, ta je ta tare a kan jerin sunayen manoma kawai? Bairos in ta shiga, yawanci nauyinta a ko'ina ake jin sa. Idan matsalar tana bin fayil ɗaya ko manhaja ɗaya, to a nemi laifin a cikin wannan fayil ko wannan manhaja.

Sannan mu duba abin da fomat ke yi. Mai gyara zai share Windows ya sa sabuwa, ya karɓi kuɗinsa. In an yi sa'a ya kwafe fayilolin kafin ya share. In ba a yi sa'a ba, rajistar shekara uku ta tafi ke nan, sai salati. Kwana biyu na farko kwamfutar za ta yi sauƙi, gaskiya ne, domin an kawar da tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna. Wannan ɗan sauƙi shi ke sa mutane su yarda cewa maganin ya yi. Amma a mayar da wancan fayil ɗin a buɗe, za a tarar da shi yadda aka bar shi. Ai ba a taɓa shi ba. Na sha ganin wanda aka yi wa kwamfutarsa fomat sau da dama a kan matsala guda, kuma kowane karo sai ya ce bairos ɗin ce ta dawo ta fulash. Wani mai gyaran bai sani ba ne, wani kuwa ya sani sarai, amma fomat ita ce aikin da ke kawo kuɗi a hannu cikin sa'a guda. Wanda ya sani ya yi shiru ya tuna cewa kuɗin da ya karɓa a kan ciwon da bai warkar ba, akwai ranar da za a tambaye shi.

Maganar sayen sabuwa ta fi wannan ɗan kama hankali, domin sabon inji kan rage jiran. Amma ragewa ce kawai. Manhajar da aka rubuta ba bisa ƙa'ida ba, in ta ɗauki minti biyu a tsohon inji, wataƙila ta ɗauki rabin minti a sabo, kuma da jerin ya ninka a baɗi za a koma gidan jiya. An kashe dubban ɗaruruwan naira an sayi jinkirin shekara guda.

To ina ainihin ciwon yake? Dubi allon da ke gabanka ka ƙirga layukan da kake gani. A laftof na yau da kullum ba za su wuce 30 zuwa 40 ba. Ko jerin yana da suna dubu ɗari, idonka waɗannan 'yan layukan kawai yake kallo a lokaci guda. Manhajar da aka rubuta da ganganci ba ta la'akari da haka. Da an danna ta, sai ta je ma'ajiya ta kwaso sunayen nan kaf, ta gina wa kowane suna layinsa, kowane layi da gurabensa, ta auna faɗin kowane gurbi, ta zaɓa masa launi, duk kafin ta nuna maka ko da harafi ɗaya. Yi lissafi: layi 100,000, kowanne da gurbi 20 na suna da gari da mazaɓa da lambar waya da sauransu, gurbi miliyan biyu ke nan. Kai kuma da ke zaune kana jira, abin da za ka iya gani bai wuce gurbi 800 ba. In an haɗa da hoton fasfo abin ya fi muni. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabait biyu ko fiye. Na mutum 5,000 ya zama gigabait goma, a kwamfutar da ram ɗinta gigabait huɗu ne. Ina za ta sa su?

Je ka Kantin Kwari ka ce kana son atamfa. Mai shago zai sauko maka da turmi biyar ko shida da za su hau tebur, in ba su yi maka ba ya kwashe ya kawo wasu. Bai taɓa cewa ka tsaya sai ya kwaso duk dilolin da ke sito ya zube a gabanka kafin ka fara dubawa ba. Manhaja mai kyau haka take aiki. Ta san yawan sunayen da ke ajiye, sai ta daidaita sandar gefe da ake ja sama da ƙasa ta yi kamar duk suna nan, amma a zahiri layukan da ke kan allo kawai ta gina, da wasu kaɗan sama da ƙasa don ko za ka gangara. In ka gangara, ba ta gina sababbin layuka. Waɗanda suka fita daga allo take gogewa ta rubuta sababbin sunaye a cikinsu. Da wannan dabara, jerin mutum dubu da na mutum miliyan kusan lokaci ɗaya suke ɗauka su bayyana.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne da za a ce bai iso mu ba. Tun shekarun 1990 Windows ke da wannan tsari a cikin kayan da take ba masu rubuta manhaja. Wanda ke aiki da DataGridView akwai VirtualMode a gabansa, kunnawa kawai zai yi ya rubuta ɗan abin da zai riƙa miƙo layin da aka nema. WPF tana da VirtualizingStackPanel. Qt ta raba ma'ajiyar bayanai da abin da ke nuna su, JTable ta Java ma guraben da ke bayyane kawai take zanawa. Duk suna nan kyauta, da bayaninsu a rubuce.

Abin da ke ƙara ɓata mini rai shi ne a yankinmu ake wannan. Kazaure ba garin da za a yi wa uzuri ba ne a harkar kwamfuta. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamnan Jigawa Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa da kowa ke kira Informatics, lokacin da jihohi da yawa ba su ma fara tunanin abin ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a cikin gari. Ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka ba Babura a 2021. Matasan da suka iya rubuta manhaja ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ke faruwa shi ne yaro zai rubuta manhajarsa ya gwada ta da sunaye 50 na abokansa, ta yi gudu kamar iska, ya nuna wa shugaban makaranta ko mai kemis, a yaba, a biya shi. Bayan shekara biyu sunaye sun kai dubu 30, manhaja ta fara rarrafe, shi kuma ya tafi bautar ƙasa ko ya sauya lamba. Sai a ɗora wa bairos laifin da ba nata ba. Wannan ha'inci ne ko da ba a yi niyya ba, domin an sayar wa mutum abin da ba a gwada shi a kan nauyin da zai ɗauka ba.

Excel kuwa labarinta daban ne, kuma dole a yi mata adalci. Ita tun can abin da ke kan allo kawai take zanawa. In ta yi nauyi, yawanci mu ne muka ɗora mata. Wani zai zaɓi shafi gaba ɗaya ya zuba masa launi da layukan ado har ƙasa inda babu komai. Wani zai sa fomular VLOOKUP a layi dubu 50, kowace tana laluben wani jerin mai dubu 50. Wani zai cika shafi da TODAY da OFFSET da INDIRECT, waɗanda duk lokacin da aka taɓa gurbi ɗaya sai sun sake lissafi. Wani kuma zai manna hoton kowane ɗalibi a gefen sunansa. Bayan haka tana da iyaka da ba ta wucewa. Tsohon tsarinta na xls layi 65,536 kawai yake ɗauka. Daga Excel 2007 aka kawo xlsx mai ɗaukar layi 1,048,576. Masu rajistar zaɓe a Jigawa kaɗai sun haura miliyan biyu a 2023, ka ga ko sabon tsarin ba zai ɗauke su a shafi guda ba.

Kada wani ya ɗauka wannan iyaka wasa ce. A Ingila, a watan Oktoba na 2020, hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙidaya ba. Dalili? Ana zuba sakamakon gwaje-gwaje a tsohon tsarin xls, da shafi ya cika sai sauran suka zube ba tare da kowa ya lura ba. Mutanen da suka yi cuɗanya da waɗannan masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba. In haka ta faru a ƙasar da ke da ƙwararru da kuɗi, me zai hana sunan wata bazawara daga wani ƙauyen Gwiwa ya zube daga jerin masu karɓar tallafi, a ce mata ba ta cikin kwamfuta, ta koma gida tana zargin mai unguwa?

Ban ce babu sauran dalilai ba: akwai bairos ta gaske, akwai ƙurar hunturu da ke toshe fanka inji ya yi zafi, akwai faifan ajiya da ya gaji, akwai ƙarancin ram. Amma waɗannan yawanci duk kwamfutar suke kamawa, ba fayil ɗaya ba.

Yanzu ga abin yi. Kai da ke zaune gaban kwamfuta a ofis ko shago, kafin ka kira mai gyara, rufe fayil ɗin da ke wahalar da kai ka buɗe wani ƙarami. In ƙaramin ya buɗe lafiya, injinka ƙalau yake. Ka kwafi babban a fulash ka gwada shi a kwamfutar maƙwabcinka. In can ma ya yi nauyi, magana ta ƙare. A Excel, danna Ctrl da End tare ka ga inda za ta kai ka. In bayananka sun ƙare a layi na 8,000 amma ta jefa ka layi na 900,000, to akwai layukan banza da take ɗauke da su. Zaɓe su ka goge su ɗungurungum, ka adana, ka ga yadda fayil zai rame. Fomulolin da suka gama aikinsu, kamar sakamakon zangon da ya wuce, kwafe su ka manna lambobinsu kawai, ba sai an riƙa sake lissafa abin da ba zai sauya ba. In kana shigar da bayanai masu yawa, mayar da lissafi ya zama sai ka umarta, in ka gama ka danna F9. Cire hotuna daga cikin shafi, ka tara su a jaka guda, kowanne da lambar mai shi. In fayil ɗinka har yanzu xls ne, mayar da shi xlsx yau ba gobe ba. In babba ne sosai, xlsb ya fi saurin buɗewa. Kuma tunda muna kan Excel, lambar waya da lambar asusun banki a matsayin rubutu ake shigar da su, in ba haka ba za ta cinye sifirin farko, kuɗin wani ya maƙale.

Wani abin da nake roƙo a daina shi ne yayyanka jeri gida-gida don gudun nauyi: wannan na Roni, wannan na Roni sabo, wannan na Roni na ƙarshe, wannan na ƙarshen ƙarshe. Nan ne suna ɗaya ke fitowa sau biyu, wani kuma ya ɓace, kuma nan ne mai son cusa sunayen bogi ke samun ƙofa. In jeri ya kai dubban gomomi kuma kullum ƙaruwa yake, ya wuce aikin Excel, rumbun bayanai yake buƙata. Access tana cikin wasu nau'o'in Office, tana ɗaukar har gigabait biyu a fayil. SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, kyauta ce, ba ta buƙatar intanet, kuma tana cikin wayar Android da ke aljihunka yanzu haka. In kuma lallai sai an kashe kuɗi a kan inji, sauya tsohon faifai da SSD da ƙara ram sun fi sayen sabuwar kwamfuta araha nesa ba kusa ba. Kome za a yi, a fara kwafe bayanai a wuri biyu. Kada ka miƙa wa kowa kwamfutarka da sunan fomat alhali kwafi ɗaya gare ka a duniya.

Ku kuma ƙannena masu rubuta manhaja, naku ya fi yawa. Kada ka kwaso duk abin da ke rumbu don kawai za ka nuna jeri. Nemi layi 100 ko 200 na farko, in mai aiki ya gangara ka nemo na gaba. Kada ka ɗauko gurbi 40 alhali biyar za ka nuna. Tacewa da jerantawa aikin rumbu ne, bar masa. Kada ka kwaso komai sannan ka zauna kana tsincewa. Sa fihirisa a kan duk gurbin da ake bincike da shi, suna ne ko lambar rajista. Ba tare da fihirisa ba, neman mutum ɗaya cikin miliyan yana iya sa a duba miliyan ɗin duka. In an jeranta su, ana raba jerin biyu ana jefar da rabi, kuma taku 20 ya isa a kai ga kowa, domin biyu in aka ninka ta da kanta sau 20 ta haura miliyan. Aikin ɗauko bayanai kada ya hau hanyar da ke zana allo, ka ba shi tasa hanyar a bayan fage, don taga ta ci gaba da amsa linzami maimakon ta yi fari ta ce ba ta amsawa. Akwatin bincike kada ya ruga rumbu da kowane harafi. Jira mai bugawa ya ɗan tsagaita tukuna. Ka ba layuka tsayi iri ɗaya, ka kashe abin nan da ke auna faɗin gurbi da kansa, domin sai ya karanta kowane layi kafin ya yanke shawara. Hoto kuwa, ka ajiye ƙaramin kwafinsa don jeri, babban sai an danna sunan mutum. Mai aiki da WPF ya kula: in ka saka jerinka cikin StackPanel ko wani ScrollViewer na waje, ka kashe dabarar da hannunka, zai koma gina komai.

Akwai ma'auni da masana suka daɗe da amfani da shi, wanda Jakob Nielsen ya yaɗa a littafinsa na 1993: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum zai ji kamar nan take ne, daƙiƙa ɗaya, zai lura amma tunaninsa bai katse ba, in ya kai daƙiƙa goma, hankalinsa ya tafi wani wuri. A wurinmu ma abin ya wuce tafiyar hankali. Kowane minti da magatakarda ya yi yana kallon zobe na juyawa, janareta na shan mai, batirin sola na sauka, ga dattawa a layi cikin rana tun hantsi. Saboda haka kafin ka miƙa aiki, ƙirƙiri sunayen gwaji dubu 200 ka zuba, ka gwada a kan tsohuwar laftof irin wadda ofishin ke da ita, ba taka mai tsada ba.

Shugabannin makarantu, masu kemis, sakatarorin ƙungiyoyi da duk mai ba da kwangilar manhaja, ku ma kuna da haƙƙi a wuyanku, domin sunayen da ke ciki amanar jama'a ce. Kada ku biya cikon kuɗi don an nuna muku allo mai kyan launi. Ku ce a zuba sunaye ninki goma na waɗanda kuke da su yau, a buɗe a gabanku, a nemo mutum ɗaya, a gangara har ƙasa. Ku rubuta a yarjejeniya cewa za a iya fitar da bayananku zuwa wani tsari duk ranar da kuka so, kuma a nuna muku inda ake ajiye kwafi. In manhajar ta kasa wannan gwaji, a mayar wa mai ita ya gyara kafin a sa hannu a takardar biya.